Lissafin Siminti, Rodi da Jan Bulo Kafin a Sa Diga a Ƙasa

Tun da jama'a suka fara komawa gidajensu a Wad Madani da Singa da Khartum bayan ɓarnar yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, da wuya mako ya wuce ba a tare ni da tambaya ɗaya ba, ko a bakin masallaci a Mai Wurno, ko ta waya daga 'yan'uwanmu da ke Jidda da Makka: "Usta, ɗaki biyu nawa zai ci?" Usta shi ne yadda ake kiran magini irina a nan. Amsar da nake bayarwa ba ta yi wa kowa daɗi da farko. Idan kuɗi kake so in faɗa, abin da zan faɗa yau ba lallai ya kai Juma'a ba, domin fam ɗin Sudan ba ya kwana inda ya yini. Idan kuwa ka tambaye ni buhu nawa, rodi nawa, bulo dubu nawa, wannan zan rubuta maka, kuma ko shekara biyu takardar ta yi a aljihunka adadin ba zai motsa ba. Saboda haka lissafin kaya nake fara yi, in gama shi sarai, sannan in ɗora masa farashin ranar. Haka zan bi da kai a nan.

Duba ƙasar filin tukuna

Mafi yawan inda mutanenmu suke zaune, daga Jazira zuwa Sinnar zuwa Gadarif, baƙar laka ce. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta dare har ƙafar akuya ta faɗa ciki. Ginin da aka ɗora a samanta yana hawa da sauka tare da ita, bango kuwa ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi.

Ina sabon shiga sana'a na yi wa kawuna ɗaki a Gadarif. Na ce masa a haƙa ramuka masu zurfi a kafa ginshiƙai. Ya ce, "Ɗana, kuɗin da za a binne a ƙasa ba mai gani, ka haƙa iya gwiwa ka ɗora mana bulo." Na ji nauyinsa na yi shiru. Damina biyu kacal, tsaga ta taso daga kusurwar taga ta nufi rufi, faɗinta har tafin hannuna yana shiga. Ranar da ya nuna mini bai ce komai ba, ni ma na kasa ɗaga ido. Tun daga nan ban sake rage wa kowa lissafin tushe don kunya ba.

Ka haƙa ramin gwaji a filinka, ka ga inda baƙar laka ta ƙare ko inda danshinta ya daina canjawa, ka tambayi maƙwabta zurfin da suka yi da abin da ya sami gininsu. Zurfin tushe da kaurin ginshiƙi da yawan rodi aikin injiniya ne, musamman idan kana da niyyar ɗora bene nan gaba. Girman da zan kawo a ƙasa misali ne don ka ga yadda ake lissafi. Idan takardar injiniyanka ta zo da wasu lambobi, nasa za ka saka, hanyar ita ce ba ta canjawa.

Ginin da za mu lissafa

Ɗaki biyu a jere, kowanne mita 4 da 4, awo daga tsakiyar bango zuwa tsakiyar bango. Ka riƙe wannan dabarar ta auna tsakiya, domin ita ce ke hana ka ƙirga kusurwa sau biyu. Dogayen bangaye biyu mita 8 kowanne, gajeru uku mita 4 kowanne, jimla mita 28. Ginshiƙai shida, kowanne santimita 20 da 30. Rufin kankare. Komai ka mayar da shi mita kafin ka ninka: santimita 20 ita ce 0.2, santimita 15 ita ce 0.15. Rabin kurakuran da nake gani a takardun mutane daga cakuɗa mita da santimita suke fitowa.

Kankare

Kankare da kubik ake auna shi, wato tsawo sau faɗi sau kauri. Ka bi ginin daga ƙasa zuwa sama kamar yadda za a zuba shi, don kada ka tsallake wani abu.

Shimfiɗar farko a ƙasan rami, wadda ba ta da rodi: 1.4 × 1.4 × 0.1, sau shida, kubik 1.18. Ƙafar ginshiƙi, wadda a nan ake ce wa ga'ida: 1.2 × 1.2 × 0.4, sau shida, 3.46. Wuyan ginshiƙi daga ƙafar zuwa ɗan saman ƙasa, idan rami mita 2 ne kuma an ɗaga santimita 20: 0.2 × 0.3 × 1.7, sau shida, 0.61. Girid bim, ɗamarar da bango zai hau: 0.2 × 0.4 × 28, 2.24. Ginshiƙan sama masu tsawon mita 3: 1.08. Bim na sama, abin da ya sauko ƙasan rufi kaɗai: 0.2 × 0.3 × 28, 1.68. Rufin kansa, awon waje: 8.2 × 4.2 × 0.15, 5.17.

Idan ka ware shimfiɗar farko, mai rodi ya tashi kubik 14.24.

Ƙa'idar da magina suke bi a Sudan ita ce buhu 7 na siminti a kowane kubik na kankare mai rodi, wato kilo 350, da yashi kubik 0.4 da tsakuwa 0.8. Marar rodi buhu 5. Wani zai ce, yaya kaya kusan kubik ɗaya da rabi za su ba da kubik ɗaya? Ka cika gwangwani da tsakuwa, ka zuba yashi kana girgizawa, za ka ga ya shige bai ƙara tudu ba. Yashi yana cike ramukan tsakuwa, siminti yana cike na yashi. Wanda ya manta wannan shi ne kayansa ke ƙarewa ana tsakiyar zuba rufi.

To, 14.24 sau 7 ya ba da buhu 100, tan biyar ke nan, tunda buhu kilo 50 ne kuma ashirin ke yin tan. Shimfiɗar farko buhu 6. Wajen sayen yashi da tsakuwa ni da 0.45 da 0.9 nake ninkawa, saboda abin da ke nutsewa a ƙasa inda aka juye da abin da ke bin rariya. A kan kubik 15.42 gaba ɗaya, yashi kubik 7, tsakuwa 14. Ka kuma lura da bakin 'yan kasuwa: a nan idan mai gallab (motar tifa) ya ce "kharasana", sau da yawa tsakuwar yake nufi, ba kwaɓaɓɓen kankare ba.

Lissafin nan ba zai amfane ka ba sai an bi shi wurin kwaɓi. Shebur ba ma'auni ba ne, na safe daban, na bayan azahar daban. Ka sa kafinta ya buga maka akwati marar gindi, santimita 40 da 40, tsayi 36. Yana cin lita 57 da ɗoriya. Buhu ɗaya, akwatin yashi ɗaya, akwatin tsakuwa biyu, ka sami kwaɓin buhu 7 daidai. Ruwa kada ya wuce lita 25 a buhu, jarka mai lita 20 da rubu'inta, a rage ma idan yashin da danshi. Leburori suna son kwaɓi ya yi ruwa don ya yi sauƙin ɗauka, ruwan da ya yi yawa kuwa shi ke kashe ƙarfin kankare.

Gallab ma ka auna shi. Ka hau da tef kafin a juye, tsawo sau faɗi sau zurfin kayan, ba zurfin akwalar motar ba. Yashi mai danshi yana kumbura har kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka cikar ido ba ita ce cikar awo ba. Sannan ka ɗebi yashin a kwalba, ka zuba ruwa, ka girgiza, ka ajiye awa uku. Laka za ta kwanta a sama. Idan kaurinta ya doshi kashi ɗaya cikin goma na yashin, ka mayar da motar. Yashin bakin Shuɗin Nilu bayan ambaliya yakan zo da laka sosai.

Rodi

A nan kuɗi ya fi zurarewa, don haka zan daɗe.

A kasuwa da liniya ake kiran rodi. Liniya uku ita ce milimita 10, huɗu 12, biyar 16. Tsawon sanda mita 12. Nauyin mita ɗaya kuwa, ka ninka kaurin da kansa ka raba da 162. Mai 16 ya ba da kilo 1.58 a mita, sanda kusan kilo 19, tan ɗaya sanda 52 zuwa 53. Mai 12 kilo 0.89 a mita, tan sanda 94. Mai 10 sanda 135, mai 8 sanda 211. Ka haddace waɗannan. Idan aka ce za a ba ka sanda 105 na liniya huɗu a tan, ba kyauta aka yi maka ba, rodin ne bai cika kauri ba.

Mu fara da mai 16. Kowane ginshiƙi sanda huɗu, ginshiƙai shida, 24. Ba a tsayar da su a miƙe tun daga rami har rufi, biyu ake yankawa. Na ƙasa ya haɗa da lanƙwasar da ke kwanciya a ga'ida, ya bi wuya da girid bim, ya bar abin da za a haɗa na sama da shi, wanda ake ba wa kauri sau hamsin, santimita 80. Tsawonsa mita 3.6. Na sama 3.4. Girid bim sanda shida, uku ƙasa uku sama, bim na sama biyar, sha ɗaya ke nan a kowane layi. Dogayen layuka biyu suna son guntaye 22 masu mita 8.6 har da lanƙwasa, gajerun layuka uku guntaye 33 masu 4.6.

Idan ka tara tsawon duka, mita 509 ne, ka raba da 12 ka sami sanda 43. Wannan lambar ba za ta ishe ka ba, domin sanda ba ta yankuwa babu saura. Idan kuma ka bar mai ɗaurin rodi ya riƙa yanka kowane kashi ranar da aka zo kansa, ga abin da zai faru: ginshiƙai sanda 16, dogayen bim 22, gajeru 17, jimla 55, ga tulin guntaye a gefe suna tsatsa.

Yanzu ka zauna da haddad ɗinka, wato mai ɗaurin rodin, da takarda kafin a taɓa almakashi. Duk sandar da aka cire wa 8.6, saura 3.4, daidai na saman ginshiƙi. An sami 22 cikin 24 ba da ƙarin ko sisi ba. Guntu ɗaya mai 4.6 da biyu masu 3.6 sun yi 11.8, sanda 12 sun gama duk na ƙasan ginshiƙai, sun kuma ba da 12 daga cikin masu 4.6. Sanda ɗaya ta ba da 4.6 da ragowar 3.4 guda biyu. Saura masu 4.6 guda 20, bibbiyu a sanda, sanda 10. Jimla 45. Bambancin 55 da 45 kilo 190 ne na ƙarfe, kuma zaman rabin awa a inuwar rakuba, wato rumfa, ne ya kawo shi. Guntayen 2.8 da suka rage su ne za su yi maka lintar ƙofofi da tagogi.

Mai 12 ya fi sauƙi. Ragar ga'ida, tazarar santimita 15, guntaye takwas kowace fuska, 16 a rami, 96 duka, kowanne mita 1.5. Sanda ɗaya tana ba da takwas cif, sanda 12. Ragar rufi, tazarar santimita 20, biyar a mita ta kowace fuska, wato mita 10 na rodi a kowane murabba'in mita. Rufin murabba'i 34.4 ne, mita 344, ka ƙara rubu'i don rodin sama da ke kan bim da lanƙwasa, mita 430, sanda 36. Jimla 48.

Zobba, waɗanda ake kira kanat, da mai 8 a tazarar santimita 20. Ka cire santimita biyu da rabi ta kowane gefe don kankaren da zai rufe ƙarfe, ka ƙara 20 na ƙugiya. Na ginshiƙi mita 1, guda 168, sanda 14. Na girid bim 1.2, guda 140, sanda 14. Na bim ɗin sama 1.3, guda 140, sanda 16. Jimla 44.

A nauyi: mai 16 kilo 853, mai 12 kilo 512, mai 8 kilo 209, duka 1,574. Ka raba da kubik 14.24, ya ba da kilo 110 a kubik. Ina yin wannan rabon ne don in gwada kaina. A ƙaramin gida irin wannan, idan na ga ƙasa da 80 ko sama da 130, na san na manta wani abu ko na ƙirga shi sau biyu. Wayar ɗauri kilo 10 a kowane tan, ka sayi 16.

Bango

Jan bulon kamina, wato wurin gasa bulo, da hannu ake buga shi, kowace kamina da girman ma'auninta, kuma da dubu ake sayarwa. Kada ka karɓi lambar kowa ta "bulo kaza a mita" sai ka auna wanda za ka saya. Ka jera goma a tsawo ka auna ka raba da goma, ka ɗora goma ka auna tsayi haka nan.

A ce ka sami tsawo santimita 20, faɗi 10, kauri 5, kuma kwaɓin tsakani santimita ɗaya da rabi. Fuskar bulo da kwaɓinsa 0.215 × 0.065. Ka raba ɗaya da abin da ya fito, ka sami kusan 72 a murabba'in mita idan bangon rabin bulo ne, wato kaurinsa faɗin bulo, 143 idan bulo guda ne, wato kaurinsa tsawon bulo. Tsawon bangonmu bayan an cire ginshiƙai mita 26, tsayi 3, murabba'i 78. Cire ƙofofi biyu masu 1 × 2.1 da tagogi huɗu masu 1 × 1.2, murabba'i 9, saura 69. Sau 143, bulo 9,867. Ƙara kashi goma cikin ɗari na wanda zai fashe a lodi da sauke da wanda bai gasu ba, ka nemi dubu 11.

Idan kuwa bulon tsawonsa santimita 18 ne da kauri huɗu da rabi, 171 ne a murabba'i, kana bukatar dubu 13. Mai kamina zai ce maka nasa ya fi araha a dubu. Ka ninka farashinsa da 13, na ɗayan da 11, ka ƙara kuɗin mota da na magini wanda shi ma da dubu yake karɓa, sannan ka san wane ne mai arahar. Ka kuma gwara biyu: gasasshe ƙara yake kamar ƙarfe, ɗanye kuwa dum yake yi, launinsa ya kwashe.

Kwaɓin ɗaura bulo, muna, mutane suna raina shi, alhali kashi ɗaya cikin uku na bangon shi ne. Murabba'i ɗaya yana cin kubik 0.072, a murabba'i 69 kubik 5. A busasshe ka ninka da 1.3, ya zama 6.5. Kwaɓin siminti ɗaya yashi shida kashi bakwai ne, rabon siminti kubik 0.93, buhu kuma kubik 0.035 ne, buhu 27 ke nan da yashi 5.6.

Mai son bulon siminti na 40 × 20 × 20 ya lissafa 12.5 a murabba'i, kimanin 900 har da asara, munarsa buhu 8 zuwa 10. Ya fi saurin tashi, amma jan bulo mai kauri ya fi riƙe sanyi a zafin Afrilu da Mayu, kuma ni shi nake zaɓa wa ɗakin kwana. Katangar da ke zagaye saman rufi kusan kowa na mantawa da ita: zagaye mita 24.8, tsayi rabin mita, rabin bulo, ƙarin 900.

Yaɓe, daɓe da ruwa

Yaɓe, bayad a bakin mutanen nan: ciki murabba'i 100, silin 29, waje 96, jimla 225. Ba na cire ƙofa da taga, domin gefunansu suna cinye abin da aka rage. A kaurin santimita 2 da kwaɓin ɗaya da biyar, buhu yana rufe murabba'i 8, buhu 28 da yashi kubik 5. Bango karkatacce yana iya ninka wannan, shi ya sa magini mai riƙe igiya da ma'aunin ruwa ya cancanci kuɗinsa.

Daɓe murabba'i 29, kaurin santimita 10, kubik 2.9, buhu 15, yashi 1.3, tsakuwa 2.6. Ƙarƙashinsa ciko na rabin mita, kubik 14.5, ka nemi 19 saboda kwanciyar da zai yi idan an daddage. Da jar ƙasa mai tsakuwa ake ciko, kada a mayar da baƙar lakar da aka haƙo.

Siminti duka: 6 da 100 da 27 da 28 da 15, buhu 176, da ƙarin kashi biyar cikin ɗari 185, tan tara da rubu'i. Yashi kubik 19, tsakuwa 17, rodi tan ɗaya da rabi da ɗoriya, bulo dubu 12 har da katangar sama.

Ruwan kwaɓi kaɗai lita 4,600 ne, ganga 23 masu lita 200. Bayan shi akwai jiƙa bulo kafin a ɗaura, da shayar da kankare safe da yamma aƙalla kwana bakwai. Ni ninki uku nake rubutawa. A Gadarif, inda ganga a kan karo, keken jaki, take zuwa, layin ruwa a takarda ba ƙarami ba ne, kuma shi ne farkon abin da ake yi wa ƙwauro idan aljihu ya yi sanyi. Kankaren da bai sha ruwa a makon farko ba ba zai kai ƙarfin da ake sa ran samu a kwana 28 ba, ko buhu nawa ka zuba.

Ɗora kuɗi

Yanzu ka ja layi biyar a littafi: kaya, adadi, farashin guda, jimla, da ranar da ka ji farashin. Ka tambayi shago uku, kuma kowane farashi ka tambaye shi "har bakin fili". Simintinmu daga Atbara, inda masana'antar farko ta fara tun 1947, da Barbar da Rabak yake fitowa, kuma kafin ya iso Sinnar ko Gadarif mota ta ci nata, masu lodi da sauke sun ci nasu. Ka tambaya ko farashin na tsabar kuɗi ne ko na Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, domin a lokacin ƙarancin takardun kuɗi ba koyaushe suke zama ɗaya ba.

Kuɗin aiki, masna'iyya, ka yi jinga a kan abin da ake iya aunawa: kafinta da haddad a kubik ko a murabba'i, magini a dubun bulo, mai yaɓe a murabba'i, masu haƙa a rami. A rubuta wa zai kawo katako da ƙusa da turaku, wa zai biya hayar injin kwaɓi da na girgiza, da kwana nawa katakon zai zauna a ƙarƙashin rufi. Ni ba na yarda a cire shi kafin mako biyu, uku ya fi, kuma kafintan da ke son kai katakonsa wani aiki zai matsa maka. Fatur, wato karin kumallon ranar zuba rufi, ful da burodi da shayin mutum ashirin, shi ma ka ba shi layinsa.

Lokaci yana taɓa farashi. Kaminoni a gaɓar kogi suke, idan ruwa ya cika da damina aikin bulo tsayawa yake, hanyoyin baƙar laka kuma gallab ba ya shiga. A Gadarif da an fara yankan riɗi leburori gona suke tafiya. Ka sayi bulo da yashi kafin Yuni.

A ƙasan jimla ka ƙara kashi goma cikin ɗari na abin da ba a gani ba, kamar ramin da ya nemi ƙarin zurfi. Wannan ba maganin tashin farashi ba ne. Maganinsa shi ne tsarin saye. Rodi da bulo da tsakuwa ba sa lalacewa, ka saye su da zarar kuɗi ya shigo hannu, ka ɗora rodin a kan katako. Siminti kuwa kada ka tara shi, wanda ya wuce wata uku a ajiye ya fara rasa ƙarfi, wanda ya sha danshi kuma ya zama dutse. Ka saye shi kashi kashi, na tushe, na rufi, na bango, na yaɓe, ka jera a kan katako nesa da bango, kada tsayin ya wuce buhu goma.

Ga 'yan'uwa masu aiko da kuɗi daga Saudiyya, ku sa a ƙara muku layi na shida da riyal, da canjin ranar. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, don haka jimlar da aka rubuta da shi tana daɗewa da ma'ana. Kada ku aiko da kuɗin gini duka a canja shi rana ɗaya ya zauna jiran aiki. Ku aiko na kowane mataki idan an zo kansa, ku nemi hoton kayan a fili da hoton rodin a ɗaure kafin a zuba.

Wanda gyara zai yi a gidan da wuta ta ci, lissafinsa daban ne, kuma ba a fara shi sai an san abin da zai tsaya. Kankaren da zafi ya kai kimanin digiri 300 yakan sauya launi ya yi ja ja. Ka ƙwanƙwasa da guduma, inda ya yi ƙarar kogo ko ya zube ya bar rodi a fili, ka kira injiniya kafin ka sa mai yaɓe ya rufe. Na ga gidajen da aka shafe da fenti suna sheƙi, rufinsu kuwa ya riga ya saki ciki.

Idan aiki ya fara, ka sa a riƙa tara maka buhunan da aka zazzage, kowace yamma ka ƙirga da hannunka ka rubuta a gefen lissafin. Ƙafafun ginshiƙai shida buhu 24 ya kamata su ci. Idan an gama ka ƙirga 19, a dakata da aiki sai an gano ko ramukan ne ba su cika awo ba, ko kwaɓin aka tsinka, ko wasu buhunan sun bi wata hanya. Rufi da bim ɗinsa kubik 6.85 ne, buhu 48, kuma a rana ɗaya ake zuba su ba tsayawa. Ka kwana da 52 a fili, gangunan ruwa a cike, man injin a jarka, a fara da an idar da sallar asuba kafin rana ta yi zafi.